ZANCEN ZAURE: Kafin a Kawo Kare Gida

 

Zancenmu na wannan wata a kan kare ne. Na san wani zai ce, duk abubuwan da suka dame mu a ƙasar nan, ga haya, ga aiki, ga tarbiyyar yara, a rasa abin da za a ɓata takarda a kansa sai kare? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Maganar nan ta riga ta shigo gidajenmu, ko muna so ko ba mu so. Yaran da aka haifa a nan sun taso sun ga abokansu na makaranta da karnuka, kullum suna roƙon a sayo musu, uba ya tsawata, uwa ta yi shiru, yaro ya shiga ɗaki yana kumbure-kumbure. Waɗansu daga cikin samarinmu da suka kama gidajen kansu sun riga sun ajiye, har akwai mai ɓoye nasa in dattawa za su kawo ziyara. Ga kuma masu tuƙin tasi, da masu rarraba kaya gida-gida, da masu aikin jinyar tsofaffi, waɗanda kowace rana ta Allah sai sun yi karo da karen wani. Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne. Kare a ƙasar nan amana ce mai nauyi, wanda zai ɗauka ya yi lissafi tun bai ɗauka ba, in ya ɗauka kuwa ya hore shi tun yana ƙarami.

KAREN GIDA DA KAREN INGILA

Waɗanda suka taso a Zangon Kumasi, ko Nima, ko Sabon Zango na Ankara, ko Kano, sun san yadda kare yake a can. Na mafarauta ne, ko na makiyaya, ko na gadi. Yana kwana a waje, yana cin ragowar tuwo, yana yawonsa inda ya ga dama, ba mai tambayar inda ya kwana. In ya yi ɓarna a jefe shi, shi ke nan magana ta ƙare.

A nan kuwa ba haka ba ne. Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna ɗaukar kare kamar ɗan gida. Tun 1824 suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda ake kira RSPCA. A 1892 aka buɗe gidan tara karnukan da ba su da masu su a Bamingam, a 1893 aka buɗe na Manchesta, wanda yake unguwar Harpurhey. Mutanen Manchesta ba su manta da daren 11 ga Satumba 2014 ba, sa'ad da wuta ta kama gidan nan, karnuka fiye da 50 suka mutu. Cikin kwana ɗaya ko biyu jama'a suka tara gudummawa fiye da fam miliyan ɗaya. Haka kuma kowane watan Maris ana yin babban taron nuna karnuka da ake kira Crufts, kwana huɗu cur, a babban zauren baje koli na kusa da filin jirgin saman Bamingam. Wani Bature mai suna Charles Cruft ya fara shi a Landan a 1891, aka komo da shi Bamingam a 1991. Wanda ya ga yadda ake taje karnuka a wurin nan kamar amare, zai gane inda muke zaune.

To, mutanen da suka ɗauki dabba haka, ba shakka dokarsu a kanta za ta yi tsanani. In ka yi wa kare irin riƙon da aka saba a gida, maƙwabcinka da kuke gaisawa kowace safiya shi ne zai buga waya ya kai ƙararka, kuma a ganinsa aikin kirki ya yi.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Ba za a yi zancen kare a Zango ba a taɓa addini ba, domin nan ne gardamar take. Galibinmu Malikawa ne. A mazhabar Imamu Malik jikin kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. 'Yan'uwanmu na Fakistan da Somaliya da muke sahu ɗaya da su a masallatan Longsight da Small Heath suna bin waɗansu mazhabobi, inda aka fi tsanantawa, saboda haka in ka ga ɗayansu ya kauce wa kare da sauri kada ka yi masa dariya, shi ma kada ya zarge ka.

Amma tsarkin jiki daban, ajiyewa daban. Hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da yawa sun haɗa tsaron gida da waɗannan in akwai bukata. Masu sharhin Risala, littafin da yawancinmu muka karanta a makarantar zaure, sun ba da labarin cewa mai littafin da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa sa'ad da ya ji tsoron miyagu. Ajiye kare don sha'awa kawai, cikin ɗakin da ake salla, wannan malamanmu ba su so. Kowa ya tafi ga malaminsa ya faɗa masa halin da yake ciki, ya ji fatawa. Filin nan ba na fatawa ba ne.

Abu ɗaya dai babu saɓani a kansa, watau haramcin zaluntar dabba. Duk mun ji labarin wanda aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, mun kuma ji na matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Wanda ya ga addininsa bai bar shi ya ajiye ba, ya bari, ba wanda zai tilasta shi. Wanda ya ajiye kuwa, za a tambaye shi cinsa da shansa da lafiyarsa.

LISSAFI KAFIN SAYE

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 a duniya, ƙanana har su wuce haka. Yaron da ke kuka yau yana ɗan shekara 12, nan da shekara shida ya tafi jami'a, ya bar wa Hajiya kare. Saboda haka tambayar farko ga manyan gida take: wane ne zai fita da shi da asuba a watan Janairu, ana ruwa ana sanyi, gari bai waye ba?

Tambaya ta biyu, lokaci. Ƙungiyoyin kula da dabbobi suna ba da shawara kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa huɗu. Da yawanmu muna aikin dare, ko aikin awa goma sha biyu. Karen da aka kulle a ɗaki tun safe har magariba zai yi ta haushi, ya ciccije ƙofa, ya yayyaga kujera, maƙwabta su kai ƙara ga hukumar gari. Ba mugunta ke sa shi ba, kaɗaici ne.

Ta uku, kuɗi. Mu mutane muna zuwa asibiti kyauta, amma kare ba shi da wannan gata. Allurar rigakafi, maganin ƙuma da kaska da tsutsar ciki, dandaƙa, duk biya ake yi, in ya karye ko aka yi masa aiki kuwa abin yakan kai dubban fam. Shi ya sa masu karnuka ke biyan inshora wata-wata. Akwai ƙungiyar taimako mai suna PDSA, wadda wata mata Maria Dickin ta kafa a Landan a 1917, tana duba dabbobin marasa ƙarfi kyauta ko da rangwame, amma sai wanda ya cika sharuɗɗanta. Kada kowa ya dogara da ita tun bai bincika ba.

Ta huɗu, gida da tafiya. Ɗan haya ya duba takardar hayarsa, ya nemi izinin mai gida a rubuce. Sa'an nan mu mutane ne masu tafiya. In za a je Gana ko Nijeriya hutun wata guda, ko aikin Hajji, wa za a bar wa kare? Gidajen ajiya suna karɓar kuɗi kwana-kwana, ɗan'uwa kuwa da wuya ya karɓa.

Mun ga abin da rashin lissafi ya jawo. A 2020, lokacin kullen annobar korona, mutane suka yi ta sayen 'yan kwikwiyo domin suna zaune a gida. Da aka koma aiki, kaya suka yi tsada, sai aka shiga neman inda za a kai su. Ƙungiyar Dogs Trust ta ce a 2022 kaɗai an tuntuɓe ta fiye da sau 50,000 a kan mai da kare.

In lissafi ya fita, to, a kula da inda za a samo. Tun 6 ga Afrilu 2020 doka ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba a Ingila. Ko dai ka saya hannun wanda karyarsa ta haifa, ka ga kwikwiyon tare da uwarsa a inda aka haife shi, ko ka je gidan karnuka irin na Harpurhey, ko na Dogs Trust a Denton, ko na Bamingam da ke wajen Solihull. Wanda ya ce ku haɗu a bakin hanya ya miƙo maka daga bayan mota, ka rabu da shi. A kuma zaɓi irin da ya dace da gida. Karen kiwon tumaki da aka halitta don gudu a kan duwatsu ba zai zauna lafiya a bene hawa na goma ba.

DOKOKIN DA YA KAMATA A SANI

Dattawan da suka zo da daɗewa sun tarar ana yankar wa kare lasisi a gidan waya, sule bakwai da sisi a shekara. An soke wannan a ƙarshen shekarun 1980, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi. Ga kaɗan daga ciki.

Tun 6 ga Afrilu 2016 dole ne a sa wa kowane kare wata 'yar ƙwaya mai lamba a ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, kafin ya wuce mako takwas da haihuwa. Lambar tana ɗauke da sunan mai shi a rajista. Wanda ya ƙi, tararsa tana iya kai fam 500. In ka sauya gida ka sanar a gyara adireshi. Ban da wannan, dokar 1992 ta ce in kare zai fita waje sai da abin wuya mai sunan ubangidansa da adireshinsa.

Kashin kare, mai kare ke kwashewa. A riƙa fita da leda a aljihu. Wanda aka kama ya bari a hanya ko a filin shan iska ana iya cin sa tara nan take har fam 100, in ta kai kotu har fam 1,000. Dalili kuwa mai ƙarfi ne, domin akwai ƙwan wata tsutsa a cikinsa da ke iya taɓa idon yaro in ya yi wasa da ƙasa ya kai hannu baki.

Dokar miyagun karnuka ta 1991 ta hana ajiye iri huɗu, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Pit Bull. A Satumba 2023 wani ƙaton kare ya kubce a Bordesley Green cikin Bamingam, ya ciji yarinya 'yar shekara 11 da waɗanda suka kawo mata ɗauki, mutane suka ga hoton abin a wayoyinsu. Ba a daɗe ba Firayim Minista na lokacin, Rishi Sunak, ya yi shelar za a hana irin da ake kira XL Bully. Daga 31 ga Disamba 2023 aka hana sayar da shi ko ba da shi kyauta, aka ce ba ya fita sai da igiya da takunkumi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 ajiye shi ba takardar izini ya zama laifi. Samarinmu masu son a gan su da ƙaton kare a titi, ku ji da kyau. In wani ya tallata muku irin wannan da araha, bala'i yake sayar muku.

Kada kuma wani ya ce ai nawa ba ya cikin waɗanda aka hana. Kowane irin kare, in ya kubce ya razana mutum ko ya ji masa ciwo, mai shi ne a gaban alƙali. Tun 2014 dokar ta shafi har cikin gidanka. In ya raunata mutum ɗaurin yana iya kai shekara 5, in ya kashe har shekara 14. Hukumar gidan waya ta ƙasar nan takan ba da lissafin ma'aikatanta da karnuka suka kai wa hari, a 2024 adadin ya haura 2,000 a shekara guda, da yawa kuwa a bakin ƙofa abin ya faru. In an ƙwanƙwasa, a sa kare a wani ɗaki kafin a buɗe. In an fita ƙauye shan iska, kamar duwatsun Peak District da ke kusa da Manchesta, a riƙe shi da igiya kusa da tumaki, gama korar dabbobin manomi laifi ne, a wani hali ma doka ta ba manomi damar harbe shi.

A ɗaya ɓangaren, dokar 2006 ta ɗora wa mai dabba hakkin ba ta wurin kwana, da abinci, da magani, da sarari ta yi halinta na dabba. Tun 2021 wanda aka kama da zaluntar dabba ana iya ɗaure shi har shekara 5. Sanda da dutse sai a bar su a can inda aka baro su.

YADDA AKE HORO

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana sun ce makonnin farko, daga na uku zuwa wajen na goma sha biyu, su ne lokacin da kwikwiyo ke sanin abin da zai ji tsoro da abin da ba zai ji ba. A cikinsu ne za a nuna masa duniya a hankali: ƙarar mota, yara, keke, mai babbar riga, mai hijabi, mai sanda. Kafin allurarsa ta cika a ɗauke shi a hannu a zaga da shi. Karen da bai taɓa ganin mai rawani ba sai ya girma, ran da Malam ya zo gaisuwa za a ji kunya.

Asirin horo guda ne, watau lada nan take. In ya yi abin da kake so, ka ba shi ɗan abin tauna ko ka yabe shi a daidai lokacin, ba bayan minti biyar ba. Kare ba ya haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da aka yi masa yanzu. In ka dawo daga aiki ka tarar ya yi fitsari a tabarma ka doke shi, abin da ya koya shi ne dawowarka abin tsoro ce. Wanda ake duka yakan zama matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo.

Wajen bayan gida, a fitar da shi da ya tashi barci, da bayan ya ci, da bayan wasa, a kai shi wuri ɗaya kullum, in ya yi a yabe shi. Makonni kaɗan ya gane. Darasi kuwa kada ya wuce minti biyar ko goma, sau biyu ko uku a rana. Kalmomi biyar sun isa farko: zo, zauna, kwanta, tsaya, bari. Ga wani abin daɗi, kare ba ruwansa da Turanci, in da Hausa ka hore shi da Hausa zai ji. Sai dai gida duka a tsaya a kan kalma ɗaya. In Baba ya ce zauna, yara su faɗa da Turanci, Kaka ta faɗa da Tuwi, an rikita shi. Haka kuma doka ɗaya ga kowa. In an ce ba ya shiga ɗakin salla, ko ba ya hawa kujera, to, kada wani ya bar shi a ɓoye.

Mafi girma a cikin kalmomin nan ita ce zo, domin ita ke ceton ransa in ya nufi titi. A fara cikin gida, sa'an nan a bayan gida, sa'an nan a fili da doguwar igiya. Ko ya ɓata maka rai ya daɗe bai zo ba, in ya zo ka yabe shi. In ka hukunta shi a kan zuwa, gobe ba zai zo ba. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi ajin horon karnuka a unguwarsu. Ƙungiyar Kennel Club tana da tsarin jarrabawar ladabi mataki-mataki tun 1992, ana koyar da shi a wurare da yawa.

Gidajenmu gidajen baƙi ne, yau suna, gobe walima, jibi Salla. A yi wa kare wurinsa na kansa inda zai kwanta ba mai damunsa, a saba masa da shi tun kafin ranar taro. Baƙon da ba ya son kare yana da hakki a kanka, kada ka ce masa ai ba ya cizo. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, komai sabonsu. A koya wa yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci. In kare ya kau da kai, yana lasar leɓe, ya sandare, ko ya yi gurnani, cewa yake a ba shi wuri. Kada a doke shi don gurnani, gama in ya daina gargaɗi sai cizo ba sallama.

A kula da abincinmu. Albasa da ke cikin kowace miyarmu tana ɓata jinin kare. Cakulan, da inabi ɗanye ko busasshe, guba ne gare shi. Goro ma haka, domin sinadarin da ke hana mu barci a cikinsa jikin kare ba ya ɗaukarsa, saboda haka Alhaji ya riƙa ɗauke ƙwaryar goronsa daga ƙasa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Da zafi kada a bar shi cikin mota a rufe. Daren 5 ga Nuwamba da na sabuwar shekara, sa'ad da ake harba wasan wuta, a fita da shi tun da rana, a rufe tagogi.

GA WANDA BA YA AJIYEWA

'Yan'uwa masu tasi, wannan naku ne. Dokar daidaito ta 2010 ta ce direban da ya ƙi ɗaukar makaho saboda karen ja-gorarsa, ko ya ƙara masa kuɗi, ya yi laifi. Tarar tana kai fam 1,000, hukumar gari kuma tana iya karɓe lasisi. Ba a karɓar uzurin addini. Wanda kare ke tayar masa da ciwo ne kaɗai ake ba takardar togiya, da shaidar likita. Karen ja-gora an yi watanni da yawa ana horonsa, yana kwanciya a ƙasan mota ba ya taɓa kowa. A 2008 majalisar malaman shari'a ta ƙasar nan ta ba da fatawa, aka bar wani saurayi makaho a Lesta ya riƙa zuwa masallaci da nasa, aka yi wa karen wuri a waje da inda ake salla. In masallaci ya sami hanya, mota ma za ta samu. A ajiye ɗan mayafi a shimfiɗa, a ɗauki bawan Allah a kai shi inda za shi.

Wanda ke tsoron kare kuwa, in ya nufo ka kada ka gudu, kada ka yi ihu, kada ka zura masa ido. Tsaya cik, ka naɗe hannu, ka kau da kai, zai shinshina ya wuce.

Sai gargaɗi ga masu kai yara gida hutu. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare tun 1922, shi ya sa yaranmu ba su san shi ba, suna shafa kowane kare. A ƙasashenmu yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, in alamunsa suka bayyana kuwa da wuya a tsira. A 2025 wata mata daga Yorkshire ta rasu bayan wani kwikwiyo ya yakushe ta a Maroko, watanni kafin ciwon ya tashi. A ja wa yara kunne kafin a hau jirgi. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi asibiti ran nan a fara allura, kada a jira sai an dawo.

RIBAR DA KE CIKI

Kada a ce na tsorata mutane ban faɗi alheri ba. Likitocin ƙasar nan suna so babba ya motsa jiki minti 150 a mako. Da yawanmu an faɗa mana haka saboda ciwon sukari da hawan jini, mun ce to, ba mu yi ba. Mai kare ba shi da zaɓi, safe da yamma sai ya zaga Platt Fields ko Alexandra Park, ko Cannon Hill ko Handsworth Park in a Bamingam yake. Maƙwabcin da kuka shekara goma ba ku wuce ɗaga hannu ba, in ya gan ka da kare sai ya tsaya ku yi taɗi. Yaron da aka ɗora wa ciyarwa da fitarwa yana koyon cewa akwai mai rai da ke jiransa, ko ya gaji ko bai gaji ba. Gidan da ake jin haushi kuwa ɓarawo yakan yi tunani sau biyu. Wanda ya taɓa kiran karensa daga nesa ya ga ya bar abin da yake bi ya sheƙo a guje, shi ya san daɗin wahalar da ya sha.

Amma duk wannan na wanda ya yi aikin ne. Saboda haka iyaye, in yaro ya roƙa, kada a kore shi da tsawa kawai. A zaunar da shi, a karanta masa lissafin nan, a kai shi gidan karnuka ya ga yawan waɗanda aka saya da murna aka mayar. In an ƙi, a faɗa masa dalili na addini ko na aljihu, zai fi ganewa. Samarin da suka riga suka ajiye, ku daina ɓoyewa, ku hore su, ku tsabtace gida, ku ba dattawa girmansu in sun zo. Dattawa kuma kada a yanke zumunci da ɗa saboda dabba.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman malamanmu, ya aiko a buga. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.